Amsa ga Malamin da ya tambaya: me ya hana mutanen Orvieto saukowa daga dutse?

Assalamu alaikum, Malam.

A shirin tarihi na rediyo da aka gayyace ni makon jiya, ka bugo waya daga Zariya da tambaya, lokaci ya ƙare ban amsa ba. Ka ce kakanninmu sun zauna a Kufena da Turunku da Dala, amma da hankali ya kwanta suka bazu a fili inda gona da ruwa suke. To me ya sa mutanen Orvieto, garin nan na Italiya da na ambata, suka lafe a kan dutse kusan shekara 3,000?

Malam, ai sun sauko. An taɓa sauko da su da ƙarfin tuwo, yanzu kuma suna saukowa da ƙafarsu.

Garin yana yankin Umbria, arewa da Roma, a kan wani faffaɗan dutse mai miƙaƙƙen gefe, wanda tokar aman wuta ce ta daskare ta zama shi. Mutanen Etruska, al'ummar da ta yi ƙarfi a tsakiyar Italiya kafin Romawa, su ne suka fara raya shi, suna kiran sa Velzna, kuma yana cikin manyan biranensu. Har yau kaburburansu na ƙarni na 6 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) suna jere a gindin dutsen, layi-layi, da sunan mamaci a saman kowace ƙofa. A shekara ta 264 kafin haihuwar tasa Romawa suka ci garin, suka kwashe gumakansa, suka kora jama'ar zuwa bakin tafkin Bolsena. Dutsen ya yi ɗaruruwan shekaru kusan ba kowa, domin a ƙarƙashin mulkin Roma babu mai bukatar hawa sama ya kwana. Sai da daular ta rushe, mahara suka cika hanyoyi, sannan mutane suka koma. A 538 Belisarius, janar na daular Roma ta Gabas, ya yi wa sojojin Goth, ƙabilar da ke mulkin Italiya a lokacin, ƙawanya a can, bai iya hawa ba, yunwa ce ta karya su.

Tsoro ke nan ke hawar da su. Abin da ya ba su ikon zama kuwa ruwa ne, kuma a nan nake so mu ɗan daɗe.

Saman dutsen babu rafi, babu idon ruwa. Amma dutsen yana shan ruwan sama, ruwan ya tsiyaya har ya tarar da yumɓun da ke ƙarƙashi ya tsaya. Mutanen Etruska sun gano haka. Suka riƙa haƙa rijiyoyi matsattsu, daidai jikin mutum guda, da 'yan ramuka a bango na saka ƙafa, har su cim ma ruwan. Suka kuma sassaƙa wuraren tara ruwan sama. Da garin ya bunƙasa a ƙarni na 13, aka jawo ruwa ta bututu daga tudun Alfina da ke kusa. Sai dai ruwan da ke zuwa daga waje, abokin gaba yana iya datse shi a yini guda.

Wannan ne ya hana Fafaroma Clement na 7 barci. A watan Mayun 1527 sojojin Sarki Charles na 5, mai mulkin Sifaniya da Jamus, suka wawashe Roma, Fafaroman kuma ya sulale a Disamba ya fake a Orvieto. Ya umarci magini Antonio da Sangallo ƙarami ya haƙa rijiyar da ba za ta bari ƙishi ya ci garin ba. Ita ce Rijiyar San Patrizio: zurfinta mita 53, faɗinta mita 13, matakala 248, da tagogi kusan 70 masu shigo da haske. Dabarar ita ce hanya biyu ce ke naɗe da juna, ɗaya ta sauka, ɗaya ta hawa. Jaki ya sauka fanko, a yi masa lodi, ya tsallaka 'yar gada a ƙasa, ya hau ta ɗaya hanyar ba tare da ya yi kiciɓis da mai saukowa ba. An gama ta a 1537, Clement ya riga ya mutu tun 1534, ƙawanyar da ya ji tsoro kuma ba ta zo ba. Ni dai, duk da kyanta, rijiyoyin Etruska sun fi burge ni. Su an sha ruwansu a kullum, kuma mai haƙarsu ba shi da baitulmalin Fafaroma.

Tsakanin zamanin Etruska da na Clement garin ya yi tashe. Fafaromomi sun zauna a cikinsa, malami Thomas Aquinas ya koyar a can daga 1261, an aza harsashin babbar majami'ar garin a 1290. Gidajen Monaldeschi da Filippeschi, manyan iyalai biyu na garin, suka yi ta zubar da jinin juna a kan mulki, annobar 1348 ta zo ta ɗebi jama'a, daga baya garin ya faɗa hannun gwamnatin Fafaroma har 1860, lokacin da ya shiga haɗaɗɗiyar Italiya.

Haƙar ma ba a bar ta a rijiya ba. Dutsen yana da taushi, don haka kowane gida ya riƙa fafe ƙarƙashinsa: wurin ajiyar giya, wurin matsar man zaitun, ɗakunan tattabaru masu ramuka jere a bango, don tattabara tana fita ta yi kiwo ta dawo ko da an rufe ƙofofin gari. An ƙirga koguna sama da 1,200. Rarake ya yi yawa, gefen dutsen ya riƙa zabtarewa, har a 1978 majalisar Italiya ta yi doka ta musamman don tallabe shi.

Saukowar yanzu layin dogo ne ya fara ta. Tashar jirgin Roma zuwa Florence tana ƙasa, a 1888 aka haɗa ta da gari da tarago mai igiya, wanda nauyin ruwa ke ja: a cika tankin na sama, ya gangaro, ya jawo na ƙasa. An dakatar da shi a 1970, aka buɗe na lantarki a 1990. Babbar hanyar mota ma ta ƙasa ta bi. A yau, cikin mutum kusan 20,000 da ke ƙarƙashin hukumar garin, mafi yawansu a unguwannin ƙasa da ƙauyuka suke, irin su Orvieto Scalo da Ciconia, inda mutum zai ajiye mota a ƙofar gidansa. Sama ta fi zama ta ofisoshi da masu shaguna da baƙi 'yan yawon buɗe ido, masu sayen tikiti su sauka rijiyar Clement su hawo.

Wassalam. A gaida mutanen Zazzau.

Ɗan'uwanka, malamin tarihi