Rahoton Ayyukan Shekara na Ƙungiyar Hidima ta Ikkilisiya

'Yan'uwa ƙaunatattu cikin Ubangiji, ina gaishe ku da sunan Yesu Kiristi. Kwamiti ya ɗora mini nauyin kawo muku bayanin abin da muka yi a shekarar da ta ƙare. Lissafin kuɗi yana hannun ma'aji, shi zai karanta nasa daban.

Takenmu na bana daga Markus 10:45 muka ɗauko shi, inda Ubangiji ya ce Ɗan Mutum bai zo domin a yi masa hidima ba, sai domin ya yi hidima, ya kuma ba da ransa fansa saboda mutane da yawa. A nazarin mako-mako mun faro daga aya ta 35, wurin da Yakubu da Yohanna, 'ya'yan Zabadi, suka roƙi zama a damansa da hagunsa, sauran goman kuma suka ji haushi. Wani baba a cikinmu ya ce haushin nan ba na kishin Allah ba ne, an riga su roƙo ne kawai. Aka yi dariya, amma ba ta yi nisa ba, don kowa ya ga kansa a ciki. Daga nan muka bi Filibiyawa 2:5-11 da Luka 22, inda gardamar wane ne babba ta tashi a kan teburin jibin ƙarshe.

Matasa sun fi son zaman tarihi. Mun duba rayuwar Maximilian Kolbe, firist ɗan Folan, wanda ya miƙa kansa a madadin wani fursuna mai iyali a Auschwitz, sansanin fursunoni na 'yan Nazin Jamus, ya mutu ranar 14 ga Agusta, 1941. Mun kuma duba Fada Damien, ɗan Beljiyam, wanda ya tafi tsibirin Molokai a Hawai a 1873 ya zauna da kutare, har cutar ta kama shi ya rasu a 1889. Ni dai na fi tsayawa a kan Damien. Shekara 16 ya yi yana wanke gyambo, yana gina ɗakuna, yana haɗa akwatin gawa, yana haƙa kabari. Irin wannan sadaukarwar ta yau da gobe ce ta fi kusa da abin da ake nema a wurinmu.

Ranar Alhamis kafin Ista mun yi wankin ƙafa bisa Yohanna 13. Kusan kowa ya zo da ƙafarsa fes, an goge ta tun daga gida, har da ni mai wannan rahoto. Wata mama kuwa ta tura ƙafafunta ƙarƙashin benci saboda faso, ta ce a wuce ta. Yarinyar da ke riƙe da tawul ta durƙusa a gabanta, ta ƙi tashi, ba ta kuma ce uffan ba. Can mama ta miƙo ƙafa, tana share hawaye da bakin zane. Sai a ranar wasunmu suka fahimci abin da ya sa Bitrus ya ce faufau Ubangiji ba zai wanke masa ƙafa ba. Ashe karɓar hidima ma sai da tawali'u.

Ziyarar asibiti da ta gidan yari sun gudana yadda aka tsara, an kuma kai taimako ga marayu. Mun gode wa duk wanda ya fito.

Yanzu ga inda muka gaza, kuma ba zan ɓoye ba. Ranar da za a fita a ƙungiyance, mota cika take yi, hotuna kuma su cika wayoyi kafin a dawo. Amma kwana a gefen majinyacin da ba ya iya tashi, da wanke masa kaya, da share bayan gida na majami'a, 'yan mutanen nan ne dai kullum, yawancinsu iyayenmu mata, waɗansu ma da ciwon gwiwa. Saboda haka kwamiti ya hana ɗaukar hoton wanda aka taimaka wa, bisa Matiyu 6:3, inda aka ce kada hannun hagu ya san abin da na dama yake yi in ana ba da sadaka. An yi ƙorafi, an kuma zauna an fahimci juna.

Akwai laifin da ya rataya a wuyana. Wata gwauruwa ta daina zuwa sujada saboda rashin lafiya, ni kuwa na ga shiru na cire sunanta daga jerin ziyara ba tare da na bincika ba. Ta yi watanni ba wanda ya leƙa ta. Irin kukan da ya tashi ke nan a Ayyukan Manzanni 6, cewa ba a kula da waɗansu gwauraye, har aka zaɓi mutum 7, ciki da Istifanas da Filibus, su kula da rabon yau da kullum. Na je na roƙe ta gafara, ta yafe, amma ta tambaye ni ko akwai wasu irinta. Da muka duba, akwai.

A shekara mai zuwa kowane suna a jerin zai sami mai kula da shi, ba kuma za a goge kowa ba sai an taka an je gidansa. Jadawalin kwanan jinya da shara zai fara da shugabanni: shugaba, ma'aji, da ni. Takardar tana bakin ƙofa, mai so ya rubuta sunansa kafin ya fita.

Naku cikin hidimar Ubangiji,
Magatakardan Ƙungiya