Wasiƙa kan allurar da ke kai zare cikin ƙwaƙwalwa

Aminina Malam Habibu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya kai da iyali, saƙonka ya iso gare ni, na kuma ga tambayar da ka rufe shi da ita, cewa tun da zaren lantarkin da ake dasawa a ƙwaƙwalwa don ɗauko siginar ƙwayoyin jijiya yanzu ya fi gashin kai siranta, kuma yana lanƙwasa kamar leda, to da me ake tura shi ciki? A nan gizo ke saƙar, domin laushin da ya sa ƙwaƙwalwa ke iya zama da zaren lafiya shi ne kuma ke hana shi shiga.

Ka san da can da abu mai tauri ake aikin. Wanda ya fi shahara shi ne allon da Richard Normann da abokan aikinsa suka ƙera a Jami'ar Yuta ta Amurka, mai allurai 100 na silikon a kan fili da faɗinsa kimanin milimita 4 ne. Shigar da shi ba wuya, domin wata na'ura ce mai aiki da ƙarfin iska ke buga shi ciki bugu ɗaya. Matsalar takan biyo baya ne. Ƙwaƙwalwa abu ne mai tsananin laushi, kuma ba ta zama cak, tana motsi da kowane bugun zuciya da kowane numfashi, saboda haka silikon ya yi ta gugar nama, ƙwayoyin da ke tsaron ƙwaƙwalwa su taru su yi masa tabo, har siginar ƙwayoyin jijiya ta riƙa dusashewa. Wannan ya sa masu bincike suka koma ga roba mai laushi irin su polimaid da farilin.

Sai dai zare mai laushi, da zarar ya taɓa tantanin da ke manne da ƙwaƙwalwa, sai ya tanƙware. Lissafin wannan tsoho ne, tun ƙarni na 18 masanin lissafi Leonhard Euler ya fitar da shi a kan ginshiƙai: idan aka rage tsawon sanda zuwa rabi, ƙarfin da za ta jure kafin ta tanƙware yakan ninka huɗu. Kusan kowace dabara da zan ambata maka, ko dai tana gajarta ɓangaren zaren da ke tsaye ba madogara, ko tana ara masa tauri na ɗan lokaci.

Hanyar da aka fi bi ita ce a haɗa zaren da siririyar allurar tangistan, wani ƙarfe mai tauri sosai, a manne su da wani sinadari mai narkewa a ruwa da ake kira PEG, a soka su tare, a jira mannen ya narke, sannan a zare allurar a bar zaren. Wasu kuma sukan lulluɓe zaren da sukari ko furotin ɗin siliki, ya shiga da ƙarfinsa sannan ya yi laushi a ciki. A ganina wannan ta biyun tana da rauni, domin lulluɓin yana ƙara kauri, ramin da ya bari ya fi zaren girma nesa ba kusa ba, kuma idan ya soma narkewa kafin a kai zurfin da ake so, an yi asarar zaren. A Jami'ar Habad kuwa, ƙungiyar Charles Lieber ta nuna a 2015 cewa ana iya ɗura wata raga ta lantarki ta cikin sirinji. Wasu a Jami'ar Case Western Reserve sun kwaikwayi sauro, wanda leɓensa ke tallafe tsinken bakinsa a daidai fata don kada ya lanƙwashe, suka yi wa zaren irin wannan madogara a bakin rami. Wannan ta burge ni saboda sauƙinta.

Wadda ta fi jan hankalin duniya ita ce na'urar da ake yi wa laƙabi da keken ɗinki, wadda Tim Hanson da Philip Sabes da abokan aikinsu suka soma a Jami'ar Kalifoniya, kamfanin Neuralink kuma ya ɗora a kai. A bayanin da kamfanin ya fitar a 2019, kaurin zaren maikromita 4 zuwa 6 ne (maikromita kashi ɗaya ce cikin dubu na milimita), a bakin kowanne akwai ɗan maɗauki, allura kuma ta haɗin ƙarafan tangistan da reniyam ce da aka fiƙe daga maikromita 40 zuwa 24. Allurar takan saƙalo maɗaukin, ta nutsa da shi, ta fizgo kanta da sauri ta bar zaren, har zare shida a minti ɗaya. Abin da na fi ba muhimmanci a na'urar shi ne kyamarorinta, waɗanda ke nuna ƙananan jijiyoyin jini da ke saman ƙwaƙwalwa domin a kauce musu, tun da fasa jijiya ɗaya na iya kashe ƙwayoyin da aka zo saurara.

Kada ka ɗauka shigarwa ce ƙarshen aiki. Fitar da allura ba tare da ta janyo zaren ba na cikin abubuwan da suka fi wuya, haka ma zaman zaren a inda aka ajiye shi. A Janairun 2024 an dasa wa wani mai shanyewar jiki, Noland Arbaugh, na'urar Neuralink mai zare 64 da bakin lantarki (wato wuraren ɗauko sigina) 1,024 a garin Finiks na Amurka, bayan makonni kuma kamfanin da kansa ya bayyana cewa zare da dama sun ja da baya sun fita daga nama, sai da aka gyara manhaja kafin aikin ya farfaɗo. Shi ya sa duk lokacin da na karanta labarin sabuwar na'urar dasawa, nakan wuce batun saurinta in nemi abin da aka gani a wurin bayan wata shida ko shekara.

Ka gaishe mini da mutanen gida.

Naka amini,
Sabi'u