Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga kamfanin da ya sayar min da guntun fim ɗin Thor

Zuwa ga shugaban kamfanin manhajar fina-finan fassara,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, na so a ce maganar nan ta mutu tsakanina da ma'aikatanku, amma da na yi ƙorafin an yanke fim ɗin da na biya kuɗi, amsar da aka turo min ta WhatsApp daren Laraba da ƙarfe 9:47 ita ta fito da ni fili. Ga ta yadda aka rubuto: "Malam, fim ɗin faɗa ne fa, ba karatun jami'a ba. In kana jin Turanci je ka kalli na Turawan." Na kira lambar sau huɗu ba a ɗaga ba, a na biyar aka katse.

Ranar 3 ga watan jiya na biya naira 3,500, kuɗin kallo na wata, don kawai kun yi tallan kun sa Thor: Ragnarok da Hausa. Sau biyu aka ciri kuɗin, 7,000 ke nan. Na tura hoton shaidar banki, aka ce in jira awa 48. Na jira. Na sake rubutowa, ban ma riƙe sau nawa ba, kullum "ana dubawa". Wannan da sauƙi, kuɗi ne.

Abin da ya ƙona min rai shi ne abin da kuka yi wa fim ɗin. Na kalle shi da Turanci tun fitowarsa a 2017, kuma tsawonsa awa 2 da minti 10 ne. Naku awa 1 da minti 34. Ina sauran? Na tara yarana da ƙannena biyu, waɗanda suka ga fina-finan Thor na 2011 da na 2013 suna ɗokin na uku, muka zauna bayan isha'i, sai ga labari ba kai ba gindi.

Kun yanke wurin da Odin, sarkin masarautar Asgard, yake zaune a bakin teku a ƙasar Norway yana faɗa wa 'ya'yansa Thor da Loki cewa suna da yaya, Hela, 'yarsa ta fari, wadda ya tsare, kuma mutuwarsa ce za ta sake ta. Da kuka cire wannan, sai kawai aka ga mace ta ɓullo ta cafke gudumar Thor da hannu ɗaya ta tarwatsa ta. Mai fassararku kuwa, don ya toshe ramin da kuka haƙa, ya ce wai kishiyar uwarsu ce ta zo neman gado. Kishiya! Hela sarautar Asgard take nema saboda ita ce babba a gidan. Lokacin da ta fasa zanen rufin fada, tsohon zane ya bayyana a ƙarƙashinsa, na yaƙe-yaƙen da ta yi tare da ubanta, wanda ya ɓoye don a manta yadda aka tara dukiyar masarautar, muryar da kuka ɗora ba'a take yi a kan kayan ɗaki. Nan ne ƙashin bayan fim ɗin, uba ya binne tarihinsa 'ya'ya suka biya bashin.

Da a ce ya kira ta 'yar Loki, da na yi masa uzuri, in ce ya leƙa tsofaffin labaran mutanen arewacin Turai. A littafin Edda da Snorri Sturluson ya rubuta a Iceland wajen shekarar 1220, Hel, wato Hela ta fim ɗin, 'yar Loki ce, wani kerkeci mai suna Fenrir kuma ɗan'uwanta. Masu fim ɗin da kansu suka sauya dangantakar. Amma kishiya ba ta a littafi, ba ta a fim, daga aljihun ma'aikacinku ta fito.

Ƙarshen ma bai tsira ba. Thor ya rasa ido ɗaya, sai kwatsam ga jama'a a cikin jirgi. Kun datse inda Loki ya tayar da Surtur, dodon wuta, shi kuma dodon ya ragargaza Asgard don a kuɓutar da mutanenta daga Hela. Wannan halakar ita ce Ragnarok ɗin da ke rubuce a jikin tallanku. Ɗana ya juyo ya ce, "Baba, ina garinsu ya tafi?" Ni na zauna ina ba su labarin abin da na biya kuɗi su gani.

Ba komai nake kushewa ba. Da kuka kira Thor sarkin tsawa kuka kauce wa kiransa abin bauta kamar yadda Turancin ya yi, na ji daɗi, kun san gidajen da fim ɗin zai shiga. Wannan ya nuna in kun ga dama kuna iya aiki da hankali, ba ku ga damar ba ne.

Ina neman a mayar min da naira 7,000 ɗina cif, a sauke wannan guntun, a sa cikakke da fassarar gaskiya, kuma wanda ya rubuto min saƙon nan ya ba ni haƙuri a rubuce. Sannan ku rubuta tsawon kowane fim da mintocin da kuka cire kafin mutum ya biya. Domin yanzu ina shakkar duk abin da ke manhajarku. Ni na gane ne saboda na ga na asali. Dubban da ke biyanku saboda Hausa kaɗai suke ji fa? Su ne kasuwarku, kuma su kuka raina, kun ɗauka duk abin da aka zuba musu za su haɗiye muddin ana naushi ana ihu. Amsar ma'aikacinku ta faɗi abin da ke ranku: mai jin Turanci ne ya cancanci cikakken labari, Bahaushe ya yi haƙuri da saura.

Na ba ku zuwa Juma'a mai zuwa. In shiru, zan kai takardun banki da hoton saƙon nan hukumar kare haƙƙin masu saye, in kuma jera mintocin da kuka yanke ɗaya bayan ɗaya kowa ya gani.

Wassalam,
Mai biyanku kuɗin wata, daga Zariya