Sanarwa ga iyayen ƴan wasan besbol

Assalamu alaikum. Za mu haɗu ta Zoom ran Asabar bayan La'asar, kan yaranmu da jami'o'in Amurka ke nema.

A dokar NCAA, hukumar wasannin jami'o'in Amurka, ziyarar da ƴan wasan besbol ke kai wa jami'o'in Division I (rukuni mafi girma a wasanni) tana farawa ne daga 1 ga Satumba na shekarar da yaro ke aji 11 (ajin kusa da na ƙarshe a sakandare). Kafin nan kowa ya yi wa ɗansa rajista a NCAA Eligibility Center (cibiyar tantance cancantar ƴan wasa), ya tanadi sakamakon makaranta.

Don Allah a raka yara ziyarar. Ɗana da ya je shi kaɗai, labarin riga da fili ya dawo da shi, ko kuɗin makaranta bai tambaya ba! A tambayi koci wannan, da batun abincin halal da sallar Juma'a. Alkawarin baka ba ya ɗaure kowa sai an sa hannu.

Allah ya raya mana zuri'a.