Amsa ga Alhajin da ya tambaye ni dalilin juyawar jirgi a lokacin hazo

Assalamu alaikum Alhaji,

Ka kira shirin rediyo ka ce, tunda na yi aiki a hasumiyar filin jirgi, in fito in faɗa wa jama'a: me ya sa jirgi zai taso daga Abuja zuwa wani ƙaramin fili a Arewa, ya yi ta shawagi, ƙarshe ya zube fasinja a Kano, alhali hazon can shi ne na nan? Ka ce ko tsoron matuƙi ne, ko dabarar kamfani.

Ranka ya daɗe, hazon ɗaya ne, kayan da ke ƙasa ne suka bambanta.

Idan ƙura ta taso daga kwarin Bodele na Chadi ta lulluɓe mu, matuƙi ba ya ganin ƙasa, da na'ura yake gangarowa. Kowane titin sauka yana da taswirarsa, kuma a jikinta an rubuta lambobi biyu: iyakar ƙasan da jirgi zai yi kafin a ga titi, da nisan da dole ido ya iya hangowa. Ba matuƙi ne ya yanka su ba, kuma ba shi da ikon rage su.

Filin Malam Aminu Kano yana da ILS, na'ura mai aika sigina biyu: ɗaya ta saita jirgi da tsakiyar titi, ɗaya ta riƙe shi a gangare na kusan digiri 3. Ko a matakinta na farko, ana iya saukowa har kusan ƙafa 200 daga ƙasa, muddin ana hangen mita 550 a titi mai cikakkun fitilu. Filin da na'urar VOR kaɗai gare shi kuwa, alƙibla kawai take nunawa, ba ruwanta da gangare. Dole jirgi ya tsaya sama da haka, sau da yawa ninki biyu ko fiye, kuma wanda ya tsaya sama sai ya hango nesa kafin ya ga titi. Balle a ce fitilun bakin titin ba su cika ba. Shi ya sa ranar da ma'aikatan NiMet, hukumar hasashen yanayi, suka ce ana ganin mita 800, a sauka lafiya a Kano, can kuwa galibi doka ba ta ma yarda a ƙarasa yunƙurin saukar ba.

In an iso wannan iyaka ba a ga titi ko fitilu ba, babu shawara: a ba inji wuta, a koma sama. Shawagin da ya ba ka haushi jiran hazo ya yi sauƙi ne, kuma shi ma da ƙa'ida, don dole a bar man da zai kai jirgi wani fili, da ƙarin na minti 30 da ba a taɓawa.

Inda na yarda da kai shi ne, kamfanin da ya ga hasashen yanayi tun asuba bai kamata ya bar mutane cikin duhu ba.

Amma in gyara kake nema, kai tambayarka ga NAMA, mai kula da waɗannan na'urori, da gwamnatin jihar da ta gina filin. Akwai ILS? Tana aiki? Yaushe jirgin gwaji ya auna ta na ƙarshe? An wallafa wa filin hanyar sauka ta tauraron ɗan'adam, kuma jiragen da ke zuwa can suna da izinin bin ta?

Wassalam,
Naka, tsohon ma'aikacin hasumiya,
Kano