Zuwa ga Aminina, Game da Samarin Nan na Dublin

Assalamu alaikum, aminina.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, kai da iyali da su Baba da Inna. Yaya aiki, yaya zafin Kano? Mu a nan sai godiya, yayyafi ne safe da yamma, rana kuwa sai ta ga dama take leƙowa.

Saƙonka ya iso. Ka ce waƙar da na turo maka ko rabi ba ka kai ba ka kashe, wai hayaniya ce zalla, wani yana ta surutu ana dukan ƙarfe a bayansa. Wallahi ban ji haushi ba, domin na san kunnenka, na kuma san ba ka yabon abin da bai kai ba. Amma amsar ta fi ƙarfin saƙon waya, shi ya sa na zauna na rubuto maka a tsanake.

Sunansu Fontaines D.C., kuma haruffa biyun nan na ƙarshe birnin Dublin suke nufi, babban birnin ƙasar Ailan. Su biyar ne: Grian Chatten ke waƙa, Conor Curley da Carlos O'Connell ke kaɗa jita, Conor Deegan ke riƙe da jitar bes mai kaurin murya, Tom Coll kuma ke kan ganguna. A wata kwalejin koyon kiɗa mai suna BIMM suka haɗu, a unguwar Liberties, ɗaya daga cikin tsofaffin unguwannin talakawan birnin nan. Abin da na san zai ja hankalinka shi ne, son rubutacciyar waƙa ne ya ƙulla abotarsu. Tun kafin su fitar da faifai ko ɗaya, sai da suka haɗa kai suka buga ƙananan littattafai biyu na waƙoƙinsu. Kai da kake iya kwana kana warware baiti ɗaya, ka ga ashe mutanenka ne.

Salon nasu shi ake kira post-punk. A wajejen 1976 da 1977 aka yi wata guguwa a Ingila mai suna punk, matasa masu fushi suna kiɗa da gudu da ihu, waƙa minti biyu an gama. Da ƙurar ta lafa, sai wasu suka riƙe zafin zuciyar amma suka nemi hanyar da za su faɗi abin da ya fi ihu zurfi. Daga nan aka sami irin su Joy Division da The Fall a yankin Manchester, da Gang of Four a Leeds. Suka jawo bes gaba, suka rage kwalliyar jita, mawaƙi kuma ya koma kamar mai magana. Shekara arba'in bayan haka salon ya sake tashi a Birtaniya da Ailan, ana ta jin sunaye irin su IDLES daga Bristol da Shame daga Landan. A cikinsu duka, ni dai waɗannan yaran na Dublin ne suka shiga raina.

Yanzu ga abin da nake so ka yi in za ka sake saurare. Ka manta da jita tukuna, ita ce ƙarfen da ya dame ka. Ka sa kunne ƙasa, wajen bes da ganga. Za ka ji sun kama hanya ɗaya sun riƙe ta gam, ba sa kauce mata, Chatten kuma ya ɗauki layi ɗaya yana nanata shi. Ka san yadda makaɗin kalangu ke dagewa kan salo guda har sai mai rawa ya daina lissafi, jikinsa ya karɓa? To haka abin yake. Layin da ya faɗa karo na farko labari ne, a karo na huɗu ya zama ƙorafi, kafin ya kai na takwas kana jin kamar rantsuwa yake yi. Kalmomin suna nan yadda suke, nauyinsu ne ke ƙaruwa. Wanda ya kashe a rabi bai kai wurin da abin ke kamawa ba.

Sai kuma muryar. Mawaƙa da yawa a wannan yanki, da zarar sun tsaya gaban makirufo sai harshensu ya koma na Amurka, ko Turancin Landan mai santsi, saboda kasuwa. Chatten bai yi haka ba. A Skerries ya tashi, wani garin bakin teku a arewacin Dublin, kuma yadda mutanen wurin ke magana haka yake waƙa, da kaurin harshen da jan wasulan, bai goge komai ba. Ka san ƙasar nan ta daɗe a ƙarƙashin mulkin Ingila, sai a 1922 mafi yawanta ta sami cin gashin kai, kuma an daɗe ana yi wa karin harshensu kallon na ƙauye. Don haka in ɗan Ailan ya hau dandamali a Landan ya buɗe baki da harshen unguwarsu, kuma dubban Turawan Ingila suna amsa masa da irin wannan harshe, ba ƙaramin abu ba ne. Ni da nake sassaita Turancina kullum a wurin aiki don kada a ce in maimaita, na san abin da hakan ke ci wa mutum a rai.

Faifansu na farko, Dogrel, ya fito a 2019, Dan Carey ne ya tsara ɗaukarsa a Landan. Waƙar da ta buɗe shi, “Big”, ko minti biyu ba ta cika ba. Ganga ce ke fara shigowa ita kaɗai, sai bes, sai muryar yaro ɗan talaka yana iƙirarin cewa birnin nan nasa ne kuma sai ya zama wani abu. Ka nemi bidiyonta. Wani ɗan yaro ne ke ratsa Moore Street yana taƙama, yana wuce masu tebur. Titin nan na san shi ciki da bai, nan nake zuwa sayen doya da manja da busasshen kifi a shagunan 'yan Afirka, gefe guda kuma tsofaffin matan Dublin suna kiran ciniki a kan teburan kayan marmari kamar yadda iyayensu suka yi. Ba inda masu yawon buɗe ido ke ɗaukar hoto ba ne. Da suka tashi nuna wa duniya birninsu, nan suka zaɓa, kuma wannan kaɗai ya sa na yarda da su. Faifan ya shiga jerin waɗanda aka tantance a shekarar don kyautar Mercury, wadda ake ba faifan da ya yi fice a Birtaniya da Ailan.

Na biyun, A Hero's Death, ya fito a 2020 ana tsakiyar kullen korona. Ya fi na farko sanyi da duhu, gajiyar yawon wasa da kaɗaici duk sun fito a cikinsa. Ya kai su ga takarar Grammy. Yana da kyau, amma ba shi nake so ka fara da shi ba.

Skinty Fia na 2022, shi ne maganar. A lokacin sun riga sun koma Landan da zama, kuma faifan gaba ɗaya a kan zaman baƙunta yake: yadda mutum ke ƙara zama ɗan garinsu bayan ya bar garin, da yadda ake yi masa barkwancin da ba barkwanci ba ne, da kunyar da yake ji don ya gudu ya bar wasu a baya. Waƙar farko ta samo asali ne daga wani abu da ya faru da gaske a Coventry. Wata dattijuwa 'yar Ailan ta rasu bayan ta shafe rayuwarta a Ingila, 'ya'yanta suka so a rubuta a dutsen kabarinta, da harshen Ailan, cewa tana cikin zukatansu har abada. A 2020 kotun cocin Ingila ta ce ba za a rubuta ba sai an haɗa da fassarar Turanci, wai kada masu wucewa su ɗauka taken siyasa ne. Iyalin suka ɗaukaka ƙara, a 2021 aka soke hukuncin. Ka duba fa, aminina: mace ta mutu, amma harshen uwarta bai daina zama abin zargi ba. Su kuma samarin suka ɗauki kalmomin nan da aka hana, suka sa muryoyi suna rera su a hankali kamar a wurin makoki, ana ta maimaitawa, bes yana bugawa a ƙasa, har ganga ta fashe a tsakiya. Duk lokacin da na ji ta sai tsigar jikina ta tashi. Nakan tuna 'ya'yan mutanenmu da ake haifa a nan, waɗanda Hausarsu ba ta wuce gaisuwa ba, in tambayi kaina me za a rubuta a namu.

A cikin faifan akwai “I Love You”. Da jin sunan za ka ce waƙar soyayya ce, kuma haka take farawa, a tausashe. Amma ƙasarsa yake wa magana. Can tsakiya sai muryar ta ɓalle, ya shiga zubo zarge-zarge ba numfashi, ya ambaci manyan jam'iyyun nan biyu da suka daɗe suna mulkin ƙasar, Fianna Fáil da Fine Gael, ya taɓo matasan da ke kashe kansu, ya taɓo ƙasusuwan yara. Wannan na ƙarshen yana nuni ne ga garin Tuam, inda aka yi wani gidan ajiye matan da suka haihu ba aure tsakanin 1925 da 1961. Wata mai binciken tarihi, Catherine Corless, ta gano takardun mutuwar yara 796 da babu shaidar inda aka binne su, daga baya tono ya tabbatar da gawarwakin yara a ƙarƙashin ƙasa a wurin. Yana gama zubo duk wannan sai ya koma ya ce yana son ta. Kuma ka yarda da shi, domin wanda bai damu da ƙasa ba ba zai ɓata muryarsa haka a kanta ba. Kai da ni mun sha zama muna zagin halin da Najeriya ke ciki har dare ya raba, amma bare ya sa baki mu taso masa. Ban taɓa jin waƙar da ta kama wannan hali kamar wannan ba.

In kuma har yanzu kana ganin ba su iya komai ba sai ƙara, ka saurari “The Couple Across the Way”. Ba ganga, ba jita, sai murya da akodiyon, wani abin kiɗa da ake ja ana matsawa da hannu biyu. Chatten yana hango wasu ma'aurata ta tagar gidan da ke fuskantar nasa suna ta faɗa, shi kuma yana farkon tasa soyayyar, sai ya shiga bakin ɗayansu ya yi magana. Ba a ɗaga murya ko sau ɗaya, amma tana da ciwo. Wannan faifai ya hau matsayi na ɗaya a Birtaniya da Ailan, kuma a 2023 suka karɓi kyautar Brit ta ƙungiyar mawaƙan ƙasashen waje.

Ba zan ɓoye maka inda nake da ja ba. Faifansu na 2024, Romance, wanda James Ford ya tsara, ya yi nisa da salon da na bayyana maka. Sun sauya kamfani, sun sauya shiga, sautin ya faɗaɗa don ya cika manyan filaye, Dublin kuma ta ja baya a cikin waƙoƙin. Mutane da yawa sun fi son sa, ni kam ina kewar ƙuncin nan na da. Duk da haka akwai “Starburster”, wadda ta fito daga wani firgici da ya taɓa kama Chatten a tashar jirgin ƙasa ta St Pancras a Landan, numfashinsa ya sarƙe. A amshin waƙar, ƙarshen kowane layi sai ka ji ya ja iska da ƙarfi kamar wanda aka tsamo daga ruwa. Jan numfashin nan ya zama wani ɓangare na kiɗan. Ko a nan, da suka yi suna suka yi kuɗi, ba su daina nuna rauninsu ba.

Sannan ka sani, rayuwarsu ba irin tamu ba ce. Akwai zancen giya da mashaya a waƙoƙinsu, akwai ashar jefi-jefi, don haka ba abin kunnawa a gaban yara ba ne. Na ga ya kamata in faɗa maka tun yanzu. A ɗaya gefen kuma, suna cikin mawaƙan da suka fito fili suka tsaya wa Falasɗinawa, a kan dandamali da kuma wajen tara kuɗin agaji, ba su jira sai abin ya zama na yayi ba.

Na je kallonsu a nan Dublin. Chatten ba ya rawa, ba ya yi wa jama'a zaƙin baki. Kai-komo yake yi a dandamali kamar wanda aka tsare, yana buga sandar makirufo a ƙasa, in waƙa ta ƙare da ƙyar yake cewa an gode. Amma jama'ar da ke wurin, matasan da kuɗin haya ya hana su barin gidan iyayensu, da waɗanda ke shirin tafiya Ostireliya neman aiki, kowane layi a bakinsu yake. Wani saurayi kusa da ni yana rera “I Love You” yana share hawaye da hannun riga, bai damu da wa ke kallonsa ba.

To ga roƙona. Ka samu lokacin da gida ya yi shiru, ka sa abin kunne mai kyau, kada ka dogara da lasifikar waya domin tana cinye bes ɗin gaba ɗaya. Ka buɗe rubutun waƙoƙin a intanet kana bi, saboda harshen nasu yana da wuyar kamawa da farko. Ka fara da waƙar farko ta Skinty Fia, sai “I Love You”, sannan ka koma “Big”. Kowace ka bar ta ta kai ƙarshe. In ka yi haka kuma har yanzu ba ta yi maka ba, ka rubuto ka faɗa mini dalili dalla-dalla, ina son jin hujjarka.

Ka gaishe mini da su Baba da Inna, ka ce ina neman addu'arsu. Ka gaida maiɗakinka da yara, da duk mutanen majalisa. In Allah ya yarda ina sa ran zuwa gida da babbar salla, sai ka sanar da ni ko akwai abin da kake so in taho maka da shi.

Allah ya bar zumunci.

Naka har kullum,
Amininka na Dublin