A gwada yaro a bakin aiki kafin a ba shi satifiket

Assalamu alaikum Edita, don Allah a ɗan sammin fili a wannan jarida tamu mai farin jini in yi magana kan yadda ake koyar da sana'a da yadda ake gwada waɗanda suka koya.

Ni mai walda ne, na haura shekara ashirin ina wannan aiki a Kaduna kuma na yaye yara da dama. Kwanaki aka kawo min wani matashi da satifiket ɗinsa na wata cibiyar koyon sana'a, wata uku ya yi, takarda tsaf harda hatimi, na ce to bismillah ga ƙarfe ga waya haɗa min firam ɗin taga, wallahi Edita yaron nan riƙon waya ma bai iya ba sai mannewa take a jikin ƙarfen, awo da tef kuwa sai da na nuna masa. Ban ga laifinsa ba ko kaɗan, tausayi ma ya bani. Shi ya gaya min su kusan arba'in ne kan inji ɗaya, in babu wuta a zauna a yi rubutu, ranar jarabawa kuma takarda aka raba musu.

To ta yaya biro zai nuna maka mutum ya iya walda? Mu a shago sai na ga yaro ya yi aiki ɗaya sau da yawa a ranaku daban daban, ya auna ya yanka ya ɗiga ya duba sukwaya sannan ya cike, na buga da guduma na ga bai ɓalle ba, kuma na ga yana sa gilashin ido ba sai an ce masa ba, sannan nake yarda na tura shi aikin mutane shi kaɗai.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shine tsarin yana nan a ƙasa. Hukumar NBTE mai kula da ilimin fasaha, wadda aka kafa a 1977 kuma take nan Kaduna, tana da tsarin NSQ na tantance ƙwarewar sana'a, wanda mai tantancewa ke zuwa wurin aiki ya tsaya ya ga abin da hannunka ke yi mataki mataki, har wanda ya koya a gareji ko a tsohuwar kasuwar Panteka ta masu sana'ar hannu ana iya auna ƙwarewarsa a bashi shaida ba sai ya koma aji ba. Ga hukumar jarabawar fasaha da kasuwanci NABTEB, ga asusun horar da ma'aikata ITF da ke Jos wanda aka kafa a 1971, ga gwajin sana'a (trade test) na ma'aikatar ƙwadago. Amma cibiyoyi nawa ne ke bin wannan da gaske?

Roƙona ga masu cibiyoyi, kafin ku ɗibi ɗalibai ku ƙirga injinanku da kuɗin man janareto da kayan da za'a ɓata wajen koyo, dole a ɓata ƙarfe kafin hannu ya faɗa. Kuma wanda ya koyar kada ya zama shi kaɗai ke cewa yaro ya ci. Ina kuma roƙon hukuma ta horar da mu ogogin shago kan yadda ake tantancewa da cike takardun, da yawanmu mun iya aikin rubutun ne ke bamu wahala, in an yi da Hausa ma ya fi.

Shi wancan yaron yana shagona yanzu wata na biyar, jiya ya haɗa ƙofa shi kaɗai.

Naka,
Wani mai walda, Tudun Wada, Kaduna